Kofi ko sikeli: da wanne zan auna abarba da mangwaro?

Assalamu alaikum Hajiya,

Ina gaishe ki da aiki, ya iyali? Ni mai sauraron shirinki ce daga Aboabo, nan Kumasi. Ni da yayata muke sana'ar dafa jam na abarba da mangwaro, irin wanda ake shafa wa burodi, da kek na ayaba, muna kai wa masu shaguna a Asawase.

Damuwata ma'auni ce. Kin san da olonka (babban gwangwanin awo) da gwangwanin majarin muka tashi, da su ake auna mana gari da wake a kasuwar Kejetia. To, 'ya'yan itace ba sa kwanciya a gwangwani yadda hatsi ke yi. In na yanka abarba manya-manya, nan da nan kofi ya cika, alhali tsakaninsu duk sarari ne. In na yi ƙanana, kofin nan dai sai ya ci fiye da haka. Ta ayaba ta fi ɗaure kai: kofin yankakkiya wajen giram 150 ne, amma in aka murƙushe ta sai ya kai 225. Shi kansa kofin da ake rubutawa a girke-girken intanet ba ɗaya ba ne, na Amurka kusan mililita 240 yake ci, na Ostareliya 250. Jam kuwa ba ya ɗaukar kame-kame. In sukari ya gaza ba zai kama ba, ga saurin lalacewa a zafin garin nan. In ya zarce, masu saye su ce zaƙi ya kashe ɗanɗanon.

'Yata ta sayo mini ƙaramin sikeli, ta rubuta mini a takarda cewa kofin yankakken mangwaro ko abarba wajen giram 165 ne, na sukari 200. Ni dai hankalina ya fi kwanciya da sikelin, don kilo ɗaya kilo ɗaya ne ko yaya aka yi yankan, kuma zan iya sanin nawa kowace kwalba ta ci mana kafin mu sa kuɗi. Yaya kuwa ta ce sikeli na mahauta ne, ita idonta da hannunta sun ishe ta. Ba na son ja-in-ja da ita, don ita ta koya mini sana'ar, kuma yawancin jarin nata ne.

Hajiya, in aka ce a zuba sukari daidai nauyin 'ya'yan itacen, nauyin bayan an feƙe ɓawo an cire ƙwallo ake nufi? Ruwan da ke tsiyaya a faranti lokacin yanka fa, shi ma a haɗa a auna? Sannan abarbar nan mai farin ciki da ake ce wa shugalof ta fi sauran zaƙi, shin ita ma sukarin da za a zuba mata ɗaya ne da nasu?

Ki kuma ba ni dabarar da zan shawo kan Yaya ba tare da ta ga kamar na raina gwanintarta ba. Tana sauraronki, maganarki za ta fi tawa shiga.

Allah ya ƙara basira.

Taki,
Mai jam, Aboabo, Kumasi