Baba, kar ku turo Auta sana'ar gwangwan bakin Odaw

Assalamu alaikum Baba, da fatan kuna lafiya, ya Inna da jikin nata, ya damina. Ni lafiya lau Alhamdulillah, kasuwa sai godiya.

Maganar Auta ce tasa na rubuto, naji yace in an gama girbi zai taho nan Akra, Ghana, yayi sana'ar gwangwan. Baba don Allah ku hana shi. Inda ake wannan aikin bakin wani rafi ne ana ce mai Odaw, kuma wallahi in kuka ganshi ba zaku ce rafi bane, ruwan baƙi ƙirin, ledar fiya wata da robobi sun rufe samansa har a wasu wuraren kaji na tafiya a kai. Daga tsaunukan arewacin gari yake gangarowa, ya ratsa Achimota da Alajo, kwatar Nima ta zuba a ciki, ya wuce ta Circle da Agbogbloshie sannan ya faɗa tafkin Korle, daga nan sai teku. Duk abinda unguwannin nan suka zubar cikinsa yake ƙarewa, har da na bayan gida.

Mutanen Ga, wato 'yan asalin garin, suna girmama Korle sosai a al'adarsu, kuma dattijansu na cewa a da har karfasa da ƙaguwa ake kamawa a ciki, yanzu ko hannu mutum bai so ya tsoma.

Yaran da ke wannan aikin, wayoyin wutar cikin tsofaffin talabijin da firij da kwamfuta suke tarawa su cinna musu wuta, robar ta narke su kwashi jan ƙarfen su kai sikeli. Hayaƙin baƙi ne mai yaji, yana shiga maƙoshi, zaka ga yaro ɗan shekara 15 ido jajur yana tari kamar tsoho, hannu duk ƙuna. Likitoci sun auna jinin masu aikin sun samu gubar dalma a ciki, tokar kuma ruwan sama na wanke ta cikin rafin, gashi awaki da shanu na kiwo a wurin. A 2021 gwamnati ta rushe babban filin gwangwan na Agbogbloshie, lokacin ne aka maida mu 'yan albasa Adjen Kotoku can bayan gari, amma ƙona wayar bai tsaya ba, watsuwa kawai yayi cikin lunguna.

Ga kuma ambaliya. Shara da yashi sun cika rafin shi yasa ruwa kaɗan sai ya tumbatsa. Ranar 3 ga Yuni 2015 da dare mutane suka fake a wani gidan mai a Circle, fetur ya bi saman ruwa wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu, Allah ya jiƙan musulmin ciki. A 2019 Bankin Duniya ya bada bashin dala miliyan 200 don gyaran rafin, ana yashe shi da manyan injina amma mutane basu daina zuba shara ba in hadari ya haɗu, abin na ci min rai. Kuma masu ƙaramin ƙarfi ne ke kwana a bakinsa, a ɗakunan katako na unguwar Old Fadama, can Auta zai sauka in yazo da kansa.

In dole sai yazo to ya jira ni bayan sallah, sai ya zauna wurina yana sauke buhunan albasa in motocin Galmi sun iso, ko ba yawa zai samu na kansa. Na bada saƙon kuɗin maganin Inna, in ya iso ku sa a kira ni. A gaida Yaya da yaranta da su Kawu.

Ɗanku.