Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Shugaban NUC: ɗaliban saikoloji sun haddace sauraro, ba su taɓa gwada shi ba

Assalamu alaikum Yallaɓai, ranka ya daɗe. Ya aiki, ya ƙoƙari? Allah ya taimaka.

Kuka na kawo maka kan yaran da jami'o'inmu ke yayewa a fannin saikoloji, wato ilimin halayyar ɗan'adam, kuma wurinka na ga ya dace in kawo shi tunda hukumarku ta NUC, mai kula da jami'o'in ƙasar nan, ita ce ke tsara abin da ake koyarwa, ita ce kuma ke zagayen tantance kwasa-kwasai. Yaran nan ka tambaye su Carl Rogers, masanin saikoloji ɗan Amurka, yanzu za su zubo maka, cewa a 1957 ya lissafa sharuɗɗa 6 da mai neman taimako ke samun sauƙi da su, ciki har da mai sauraronsa ya iya shiga halin da yake ciki ya kuma nuna masa cewa ya gane. Sun haddace tsaf, sun rubuta a jarabawa sun ci. To amma ajiye ɗaya daga cikinsu gaban mutum mai kuka ka sha kallo.

Aikina yana haɗa ni da masu zuwa sanin makamar aiki a inda ake karɓar waɗanda rikici ya raba da gidajensu. Mace ta zauna ta ce tun ranar da aka shiga ƙauyensu ba ta ƙara barcin kirki ba, da ta rufe ido sai ta ji ƙarar babura. Ɗalibi ya ce "ki yi haƙuri Inna, kowa da irin jarabawarsa", ya sunkuya kan fom, "shekarunki nawa?" Shi kenan ta ja mayafi ta tsuke bakinta, duk abin da aka tambaye ta daga nan lafiya lau ne amsar. Kuma wallahi yaron ba mugu ba ne, idonsa ma ya ciko, kawai abin da ya taso yana ji a gidan makoki shi ne ya fito daga bakinsa don babu wanda ya taɓa sa shi ya gwada wata amsar. Haƙuri ibada ne, babu musu, amma idan shi ya fara fitowa kafin mutum ya gama zance, abin da kunnensa ke ji shi ne yi shiru.

Na san abin da wasu malamai za su ce, ai a bakin aiki ake koya, in sun daɗe za su goge. Yallaɓai an gwada wannan zancen kuma bai tsaya ba. A 2016 Simon Goldberg da abokan aikinsa a Amurka sun bi sakamakon masu ba da shawara kan damuwar zuciya su 170 da mutum sama da 6,500 da suka gani tsawon shekaru, sai aka tarar a dunƙule ba su ƙara ƙwarewa ba, sakamakon ma ɗan ja da baya ya yi. Daɗewa a kan kujera daban, iyawa daban.

Abin da ke ƙara iyawa shi ne wanda Anders Ericsson ya bayyana tun 1993 bayan nazarin ɗalibai masu goge irin na Turawa a wata makarantar kiɗa a Berlin. Mutane sun riƙe zancen cewa sai an yi awa 10,000 ana atisaye kafin a ƙware, suna ta yawo da shi suka bar ainihin maganar, wato irin atisayen da ake yi, a ware abu ɗaya ƙarami da ya ɗan fi ƙarfinka, ka gwada, malami ya gyara maka nan take, ka sake, ka sake har ya zauna. Mu kam bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Duk wanda ya yi hadda ya sani malam ba ya barin ka ka wuce harafin da ka karya, a nan zai tsayar da kai, maimaita, ba haka ba, maimaita, ko da sauran shafin ka iya. Irin su Scott Miller da Tony Rousmaniere su suka kawo tsarin cikin horar da masu ba da shawara, kuma binciken Daryl Chow na 2015 ya nuna waɗanda suka fi samun sakamako mai kyau sun fi sauran ware lokaci su kaɗai suna gyara aikinsu.

Ga yadda zai kasance a aji, kuma ba ya cin kuɗi. A haska bidiyo gajere, wata mai wasan kwaikwayo tana kallon kyamara ta ce "mijina ya yi wata uku bai shiga ɗakina ba, uwata ta ce in zauna saboda 'ya'ya, ni kuma na gaji". A tsayar. Ɗalibi ya amsa mata da baki kamar tana gabansa, abokinsa na ɗauka da waya. Mafi yawa nasiha za su fara, ko su hau tambayar me kika yi masa. Malama ta ce a'a, a wannan zagayen ba shawara ba tambaya, faɗa mata abin da ka ji tana ɗauke da shi kawai. Ya sake, ya ce "kin gaji, kuma inda kika kai kuka an ce ki koma ki zauna, kamar ba ki da kowa". Ta ce ya yi kusa, amma kana magana kana kallon takalminka, kuma sauri ya yi yawa, sake. In wannan ya zauna a kawo mai wuya, saurayi ɗan ƙwaya da ya ce "kai me ka sani, ɗan boko", a ga ko ɗalibin zai iya zama da zafin ba tare da ya kare kansa ba. Ɗaliban likitanci suna gwaji da marasa lafiya na wasa, masu NCE suna koyarwar gwaji a gaban 'yan ajinsu kafin a tura su makarantu, to me ya sa wanda zai riƙe sirrin zukatan mutane shi ne za a sallama da handaut kawai?

Ba na cewa maganin komai ne. Bincike kan wannan hanya a fagen ba da shawara bai yi nisa ba tukuna, kuma idan malamin rago ne zai mayar da shi wata haddar, a samu yara masu cewa "na fahimci yadda kake ji" kamar rediyo, wanda ya fi shirun muni. Shi ya sa sai an fara horar da malaman, kuma a rage yawan ɗalibai a zaman atisaye, ba aji mai cike maƙil ba.

Sannan harshe, Yallaɓai. Mai zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato ko na Maiduguri, ba da Turanci yake kuka ba. Atisayen da aka yi da Turanci zalla zai tsaya a cikin aji. A yi bidiyoyin da Hausa, da Kanuri, da Fulatanci, da Yarbanci da Ibo, ga 'yan sashen wasan kwaikwayo nan a jami'o'in, za su yi.

A watan Janairun 2023 tsohon shugaban ƙasa Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, an yi murna, amma likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, kenan nauyi mai yawa kan waɗannan yaran zai faɗa. Manhajar karatun jami'o'i ta CCMAS da kuka ƙaddamar a Disamban 2022 ta riƙe kashi 70 na abin da za a koyar a matsayin dole, ta bar wa jami'o'i kashi 30 su tsara da kansu. Roƙona kar a bar wannan atisaye ga ganin damar kowace jami'a, a sa shi cikin na dole, da maki, a kowace semesta daga aji biyu. Kuma in tawagarku ta je tantancewa, bayan ƙirga kujeru da littattafan laburare, su zaɓi ɗaliban ajin ƙarshe ba tare da shiri ba su haska musu bidiyo ɗaya su ji me za su ce.

Na gode da sauraro, Allah ya ƙara girma.

Naka,
Wani ma'aikacin jinƙai daga Arewa