Ina kuɗin rijiyar unguwarmu?

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. A unguwarmu an kafa allon aikin mazaɓa na rijiyar burtsatse. Allon har ya yi tsatsa, mu kuwa ruwan 'yan ga-ruwa muke saye. Abin yana ci mini rai.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ma'aikatun gwamnati kwana 7 su amsa tambayar ɗan ƙasa. A 2019 gwamnatin tarayya ta buɗe shafin Open Treasury mai nuna kuɗin da take biya, sai dai komai da Turanci aka rubuta.

Don Allah ku riƙa buga ayyukan kowace mazaɓa da Hausa, da kuɗinsu da sunan ɗan kwangila, mu je mu gane wa idonmu.

Naku,
Mai karatu daga Tudun Wada, Zariya