Kada makarantunmu na Zango su zubar da tsofaffin kwamfutocinsu

Edita, assalamu alaikum. Don Allah ka ba ni fili in yi magana da masu kula da makarantun unguwanninmu.

Gyaran kwamfuta nake yi a Aboabo, nan Kumasi, ranar Asabar kuma ina koya wa yara rubuta manhaja. Kwanan baya shugaban wata Islamiyya ya sauke mini kwamfutoci bakwai a shago, na hannu ne da wani ɗan unguwa ya aiko daga Jamus. Ya ce, "Malam, an ce zamaninsu ya wuce, ka cire abin da zai ciru mu sayar." Na ce, "Baba Alhaji, a ba ni kwana biyu."

Lafiyarsu ƙalau. Abin da ya faru shi ne Microsoft ya daina sabunta Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoban 2025, ita kuwa Windows 11 tana neman wani ɗan guntun tsaro, TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar da ta fi tasu sabunta. Sai na ɗora musu Linux Mint, wani nau'in Linux, manhajar tafiyar da kwamfuta kamar Windows, wadda kyauta ce, halal, babu batun sata. Yanzu haka yara na zaune a gabansu.

Ba na cewa Windows ba ta da ƙarko. Ta asali mai lasisi tana aikinta. Amma mu faɗi gaskiya, wadda ke cikin yawancin injunanmu ta sata ce, an fasa ta, kuma da wannan fashin ƙwayar cuta ke shiga. Rabin aikin da ake kawo mini ke nan. Yana damuna ƙwarai a ce a ɗakin da muke koya wa yaro cewa sata haramun ce, a nan muke zaunar da shi gaban manhajar sata.

Babban abin da ya ja ni ga Linux shi ne tana girma da mai ita. Wani ɗalibi ne a Helsinki, Linus Torvalds, ya fara ta a 1991. Yau ita ce ginshiƙin Android da ke cikin wayar mai sayar da koko a tasha, kuma tun Nuwamban 2017 dukan manyan kwamfutoci 500 mafi gudu a duniya da ita suke aiki. Ka ga, umarnin da yarinya 'yar shekara goma sha uku take bugawa a baƙin allon ba da umarni na Linux nan Aboabo, shi za ta buga ranar da aka damƙa mata saba, wato babbar kwamfutar kamfani, ko a Akra take ko a Landan. Ba za ta koma farkon allo ba. Python, yaren rubuta manhaja, a ciki take zuwa, Git kuwa, mai adana tarihin gyare-gyaren manhaja, wadda shi Torvalds ɗin ya ƙirƙira a 2005, layi ɗaya za ka rubuta ta sauka. Shi kansa Microsoft tun 2016 ya buɗe hanyar tafiyar da Linux a cikin Windows saboda masu rubuta manhaja.

Mac, kwamfutar kamfanin Apple, ingarma ce, kuma mai son haɗa manhajar iPhone ba shi da makawa sai da ita. Sai dai je ka Adum ka tambayi kuɗinta.

Masu buga katin aure da fastar Maulidi, ku tsaya kan Windows, don CorelDRAW da Photoshop ba sa zama a Linux yadda ya kamata. Wani lokaci firinta ko wayafai ma sukan yi gardama, ɗaya cikin bakwai ɗin nan ta cinye mini yini guda.

Roƙona ga kwamitocin makarantu a Aboabo, Asawase da Sabon Zango: kafin ku miƙa wa masu kwandam injunanku, ku nemi wanda ya iya ya gwada muku Linux daga filashi. Tana tashi a haka ba tare da an goge komai ba, cikin rabin awa za ku gani da idonku.

Wassalam,
Mai gyaran kwamfuta,
Aboabo, Kumasi