A Bi Sawun "Labarin Ƙanzon Kurege" Ta Hanyar Da Ta Dace

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana kan "labarin ƙanzon kurege", wanda kowa ke faɗa idan an kawo zancen da ba shi da tushe. Da yawa sun riƙe rabin ma'anarsa ne kawai. Wasu na rubuta "kanzo", ba su san ƙanzo shi ne ɓawon tuwon da ke kamawa a gindin tukunya ba. A fahimtata, abin dariyar a nan yake: kurege bai taɓa ɗora tukunya ba, ina zai samo ƙanzo?

Abin da ke damuna shi ne yadda ake ƙirƙiro wa irin wannan magana asali a Facebook, a jingina ta ga wani sarki ko mawaƙi. Jin magana a waƙa ba hujja ba ce, domin mawaƙi daga bakin jama'a yake tsinta.

Mai son gaskiya ya fara da dattawa, musamman tsofaffin mata, tunda kurege ɗan gida ne a tatsuniya. A tambayi aƙalla mutum uku, kowa shi kaɗai, daga wurare daban, misali cikin birnin Katsina da Daura da wani ƙauye. Kada a karanta musu maganar. A ce, "Baba, me kuke cewa idan labari ba shi da kai?" In ka riga su faɗa, za su amsa maka da "haka ne" don kara, ka tashi da abin da ka zo da shi. A rubuta shekarun mutum, garinsu, da wanda ya ji ta a bakinsa.

Sai rubuce-rubuce. Akwai na Turawan da suka nazarci Hausa: tarin karin maganar Merrick na 1905, da tatsuniyoyin da Edgar ya buga daga 1911 zuwa 1913, da ƙamusun Bargery na 1934, wanda ke nuna kalmomin da Katsinanci ne. A duba ƙarƙashin "kurege" da "ƙanzo" duka biyu. A nan mutane ke tuntuɓe: waɗannan littattafai sun riga haruffa masu lanƙwasa, don haka wanda ya buga ƙ a kwamfuta zai iya tashi hannu wofi. Ya gwada k zalla, da k mai alama a gefe. Tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo, daga 1939, su ma wurin dubawa ne.

Shekarar da aka fara ganin magana a takarda tana nuna cewa an riga an san ta a lokacin, ba ranar haihuwarta ba ce. Ina kira ga ɗaliban Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa su ɗauki wannan aiki tun dattawan suna raye.

Naku,
Mai karatunku daga Rafindadi, Katsina