Wasiƙa zuwa ga aminina mai shirin taka duwatsun Kalifoniya

Tudun Wada, Zariya.

Assalamu alaikum, aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Mu nan ƙalau, damina ta kankama, masara ta yi kyau a gonakin hanyar Shika.

Ranar Juma'a na je gaida Hajiya, na ba ta labarin tafiyar da kake shiryawa. Ta ce in gaya maka ita fa ba ta gane ba: mutum da motarsa da aikinsa ya goya kaya ya shiga daji har mako uku, ba fatauci ba, ba aikin Hajji ba. Na ce mata ai kakanninmu ma da ƙafa suke zuwa Gwanja neman goro. Ta ce su da riba suke dawowa. Sai ka kira ta ka kare kanka.

Ni kam ba zan hana ka ba, sha'awa ma kake ba ni. Amma tsayin wurin nan ya tsaya mini a rai. Hanyar John Muir ɗin da ka ce wajen kilomita 340 ce, daga kwarin Yosemite har ƙolin dutsen Whitney mai mita 4,421. Chappal Waddi da muke taƙama da shi a Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne kawai, kuma kusan duk tafiyarka sama da wannan za ka yi ta. Daga wajen mita 2,500 iskar da mutum ke shaƙa take raguwa har ta fara taɓa jiki: ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci. Ba ruwan wannan ciwo da ƙarfin mutum ko ƙuruciyarsa. In ya kama ka, kada ka ƙara hawa, in ya tsananta ka sauko. Shi ya sa na ji daɗi da ka ce daga arewa za ka faro, don mashigai, wato wuraren da hanya ke ƙetare tsauni, mafi tsawo daga cikinsu, irin su Forester da ya haura mita 4,000, suna can kudu, kafin ka isa jiki ya saba.

Na san halinka tun muna hawan Kufena, kai ne kullum a gaba kana yi mana dariya. Can ba a haka. Lokacin da muka shiga dajin Gashaka, wani dattijon Bafulatani ne ya yi mana jagora, da takalmin roba da sandarsa a kafaɗa. Takunsa ɗaya ne a hawa da gangara, ba ya sauri, ba ya tsayawa. Samarinmu suka wuce shi da safe, kafin la'asar mun tarar da su zube a gindin bishiya, ɗaya ya cire safa yana kallon bororon da ya fashe masa a dunduniya. Dattijon bai ce uffan ba, ya miƙa masa goran ruwa ya wuce. Tafiya sannu-sannu kwana nesa. Don Allah kada ka shiga da sabon takalmi, ka fara horar da shi tun yanzu.

Ka ce in aiko maka da kilishi. Ba zai yiwu ba, kwastan na Amurka ba sa barin nama ya shiga daga nan. Ka yi dambun namanka a can, ka haɗa da dabino da gyaɗa da garin kwaki. Wake kuwa ka manta da shi, don a tsayin nan ruwa na tafasa tun bai yi zafin da ka sani ba, sai gas ya ƙare bai nuna ba. Kuma duk abin da ke da ƙanshi, har man goge baki da turarenka, cikin gwangwanin nan mai ƙarfi da doka ta wajabta saboda beyar, wato ƙatuwar dabbar dajin can mai bin ƙanshin abinci, zai kwana, nesa da tanti. Ka auna abincin da kyau, tunda bayan Muir Trail Ranch, zangon da matafiya ke ƙara guzuri, akwai sama da kilomita 150 da ba shago ba ƙauye.

Ruwan rafin can narkakkiyar ƙanƙara ce. Ka tace kafin ka sha, in za ka tsallake ka kwance ɗamarar jakar. Idan alwalar asuba za ta cutar da kai, taimama na nan, ga duwatsu ko'ina, ga kuma ƙasaru. Mashigai kuwa ka haye su kafin azahar, don da rana ne hadari ke haɗuwa, tsawa kuma ba ta wasa da wanda ke kan tsauni.

Ka bar wa uwargida jadawalin inda za ka kwana kowane dare, ni ma ka turo mini, tunda waya ba ta kamawa a yawancin hanyar. Takardar izinin shiga ta fito kuwa? Na ji sai an yi ƙuri'a.

Ka gaida mini yara da kyau. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya.

Naka,
amininka na Zariya.