Littafina na cikin jakar da na sayo a Fas, har yau bai ga injin ɗab'i ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum Malam Edita, ina gaisuwa da fatan kana lahiya kai da ma'aikatanka duka. Ni mushen lakwal ne nan Maraɗi, unguwar Zariya nike zaune, wanga shi ne karo na farko da na rubuto maku to in na ja zance a yi mani haƙuri, abin ya daɗe yana cina.

Tun 2017 na fara rubuta littafin ƙagaggen labari, labarin wata tsohuwa mai matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da ɗanta ɗaya tilo da ya bi motar Agadas ya ce Libiya za shi, shekara huɗu ba waya ba aike. Kaye uku masu shafi 200 na cika da bik, da dare nike yi bayan na gama gyaran takardun yara, in kuran ya ɗauke in kunna hitilar waya in ci gaba har uwargida ta ce wai ni da littahin nan wa ya auri wani. Wani tsohon ɗalibina ya buga mani shi a kwamfuta, da munka kai wurin hotokopi duk ƙ da ɗ da ƴ sunka hito kamar ƙananan akwatuna, sai da na bi shafi shafi da hannu ina gyarawa.

Daga nan na ɗauki hanyar da kowa ke ɗauka, Ɗan Isa, Jibiya, Katsina, sai Kano. Wani mai ɗab'i ya duba shafi goma ya ce labarin ya yi amma Hausarka ta Nijar ce ba ta sayuwa nan. Wai munka ta koma muka, jika ta koma naira, lakwal ta koma makaranta, ƴ ɗinmu a cire a sa 'y. Na ce masa tsohuwar nan ba ta taɓa riƙe naira ba a rayuwarta, ya yi dariya ya ce to ka kai wa Maraɗawa su saya. Duk da haka na sassauta, munka daidaita, na ba da kafin alƙalami. Ban yi wata guda da komowa ba Najeriya ta rufe iyaka cikin Agustan 2019, ya ce takarda ta yi tsada, daga baya wayarsa ma ta daina shiga. Kuɗin dai Allah ya jiƙan rai. Na gwada Yamai, can kuma anka ce in maida shi Faransanci tukuna a gani. Ina cikin sake shiri iyaka ta ƙara rufewa a 2023.

To mi ya haɗa littahin nan da tahiyata Fas? Bara kawuna, dattijo ne ɗan Tijjaniyya, ya ce kafin ya mutu sai ya ziyarci Shehu Tijjani a Fas ta ƙasar Maroko, ƙafafunsa sun yi rauni shi ya sa ya biya mani in riƙe masa hannu da jaka. Tahiyar ayari ce da jagora, kuɗin jirgi da masauki da abinci duk a dunƙule. Daga Yamai munka sauka Kasabalanka, daga can sai Fas.

Jagoran namu saurayi ne ɗan ƙasar, Larabci, Faransanci har da ɗan guntun Hausa na gaisuwa, yana riƙe da ƴar tuta sama muna biye kamar tumaki sun ga mai dusa. Kalmarsa ɗaya ce, yalla yalla. Ko ina munka tsaya sai ya ƙirga mu ya ce minti goma. Gaskiya ba don shi ba da mun ɓace, tsohon garin Fas lunguna ne mota ba ta shiga sai jaki da alfadari, kana tahiya ka ji an ce balak balak ka manne da bango kaya su wuce. A zawiyar Shehu, wanda ya rasu a garin a 1815, nan kam ba wanda ya saurari minti goma, kawu ya zauna yana ta hawaye sai da jagora ya haƙura ya nemi wuri shi ma. Amma a Ƙarawiyyin, masallaci da makarantar da Faɗimatu al-Fihri ta kafa tun 859, inda ni raina ya so in daɗe don akwai ma'ajiyar tsofaffin littattafai nan kusa da dandalin maƙeran tagulla, ko zama ban yi ba anka ɗaga tuta. Shagon darduma kuwa mun hi awa guda ana ba mu shayi, kowa ya san akwai la'adarsa a ciki, ban ga laihinsa ba shi ma abinci yake nema, amma na ji zafi.

Abin da ya tsaya mani a rai majemar Fas ce. Ana hawa da kai bene a miƙa maka ganyen na'ana'a ka toshe hanci saboda wari, ka leƙa ƙasa ka ga ramuka jere kamar marinar gida, wasu fari wasu ja wasu rawaya, mutane tsundum har gwiwa suna taka fata. Jagora na ta bayani da alfahari cewa fatar Maroko duniya ta san ta. Kawu da ko lakwal bai yi ba ya taɓa ni ya ce, kai ɗan nan, tambaye shi ko ya san jar akuya. Kuma gaskiyar kawu ce, tun zamanin fatake fatun jar akuyar ƙasar Hausa, irin wadda har yau ake kira akuyar Maraɗi ko ta Sakkwato, ake ɗorawa raƙuma su ƙetare Sahara, in sun isa Turai a sayar da su da sunan fatar Maroko, har bangon littattafai ake yi da ita. Na faɗa wa jagora, ya ce bai taɓa ji ba, ya dubi agogo ya ce yalla. Ni dai a cikin mota ina ta tunanin mai ɗab'in nan da ya ce in goge munka.

Malam Edita ga inda na dosa. A watan Maris na 2025 hukumomin ƙasarmu sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, mun yi murna wallahi, amma je ka babbar kasuwar Maraɗi ka nemi littafin labari guda da ɗan Maraɗi ya rubuta da Hausar Maraɗi ka ga wahalar da za ka sha, kusan duk abin da matanmu ke karantawa daga Kano yake zuwa ko a WhatsApp. Ba wai ina ƙyashin Kanawa ba, su sun tashi sun buga nasu da kuɗinsu ba su jira kowa ba. Su ma na farkon, su Abubakar Imam, gasar da anka yi a Zariya a 1933 ta hito da su, wato sai da wani ya buɗe ƙofa. Mu nan ina ƙofar take? Ga jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo cike da matasa, ga alhazan birni masu dukiya da ke kai ayari guda ziyara, kwafi dubu na littafi ba zai girgiza aljihunsu ba.

Roƙona gare ku kaɗan ne, ku ware ko rabin shafi ne duk mako ku riƙa buga labaran marubutan wannan gefe kashi kashi, kuma don Allah in kun karɓa ku gyara kuskure amma ku bar mana harshenmu yadda tsohuwa ke hurta shi. Na haɗo maku babi na ɗaya da wasiƙar nan. Sauran goma sha bakwai suna cikin jakar fata da na sayo a wancan benen, mai shagon ya fara da dirhami 600 kawu ya yi ta ja da shi da hannu da ido har ya sallama a 250, kuma har munka baro wurin yana cewa an cuce ni.

Naka,
Wani mushen lakwal,
Unguwar Zariya, Maraɗi